Akwatin wufa a motar aiki: a huda ko a bar shi rufe?

Wanda ya sayi wufa, wato sifikar da ke fitar da bes, sautin nan mai kauri, zai sa a motarsa ta aiki, Hilux ce ko tsohuwar a-kori-kura ko kan daf, ba ya daɗewa a rumfar kafinta a Panteka kafin a jefo masa tambaya: "Maigida, a huda ko a bar shi rufe?" Galibi amsar ita ce a huda, domin kowa ya ji ana cewa akwati mai huji ya fi ƙara. Ba ƙarya ba ne. Sai dai akwai sharuɗɗa a bayan maganar waɗanda mai sayar da wufa ba ya faɗa, shi kuma kafinta sau da yawa ba a taɓa gaya masa ba, kuma a motar da kanta ƙarami ne ba safai sharuɗɗan suke cika ba. A ganina, a irin waɗannan motoci filin da ke bayan kujera ne ke fara yanke hukunci, kafin a zo kan abin da kunnen mai mota yake so.

Me ya sa ma ake sa wufa a akwati? Faifanta gaba da baya yake yi. Idan ya turo iska ta gaba, a daidai lokacin yana janye ta baya. Shi kuwa bes dogon zango gare shi. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya, don haka wanda ke kaɗa iska sau 40 a sakan, wato 40 Hz, tsawon igiyarsa ya haura mita 8 da rabi. Faifai mai inci 12 ba komai ba ne a gaban wannan tsawo, sai iskar gaba ta kewayo ta gefe ta cike gurbin baya, su kashe juna. Shi ya sa idan aka jona wufa tsirara a kan tebur za a ga tana ta rawa amma ba a jin bes. Aikin akwati shi ne raba gaba da baya. Inda iri biyun suka sha bamban shi ne abin da ake yi da sautin bayan: rufaffe ya kulle shi ciki, mai bututu, wato wanda aka huda aka sa wa hujin bututu, ya juyo da shi waje ya sa shi aiki.

A rufaffen akwati, iskar da aka kulle ita ce sifirin da ke riƙe da faifai. Ya koma ciki ya matse ta, ta turo shi. Ya fito waje, ta jawo shi. Wani Ba'amurke, Edgar Villchur, shi ya shahara da wannan dabara. A 1954 kamfaninsa na Acoustic Research ya fito da sifikar AR-1, wadda ta nuna cewa ƙaramin akwati na iya ba da bes mai zurfi idan aka sassauta gefen faifan aka bar iska ta riƙe shi. Halin wannan akwati shi ne sauka a hankali. Daga wani mataki, a akwatunan mota yawanci wajen 45 zuwa 60 Hz, ƙarfin sautin, wanda ake aunawa da desibel, yakan fara raguwa da desibel 12 duk sanda adadin Hz ya ragu da rabi, kamar daga 50 zuwa 25. Amma komai zurfin sautin da aka tura, iskar nan ba ta sakin faifan.

Mai bututu ya girme shi. Albert Thuras na ɗakin binciken Bell a Amurka ya samu rajistar wannan fasaha tun 1932, ilimin da ke ƙarƙashinta kuma na Hermann von Helmholtz ne, Bajamushen ƙarni na 19. Duk yaron da ya taɓa hura bakin kwalbar lemo ya san shi: kwalba na da sautinta guda, idan aka zuba ruwa rabi sautin ya ƙara kaifi. Iskar da ke wuyan kwalba nauyi ce, ta cikin tumbin kuma sifirin, su biyun suke kaɗawa a adadi ɗaya. Akwatin wufa mai bututu haka yake aiki. Girman cikinsa da faɗin bututun da tsawonsa su ke tsai da sautin da aka saita shi a kai, a mota yawanci tsakanin 30 da 40 Hz. A daidai wannan sauti faifan kusan tsayawa yake yi cik, bututun ne ke aikin. A kewayensa akan samu ƙarin desibel 3 ko fiye a kan rufaffe, da wufa ɗaya da amfilifaya ɗaya. Desibel 3 ba ƙaramin abu ba ne ga aljihu, domin ninka ƙarfin amfilifaya kenan: abin da wat 600 zai yi a rufaffe, wat 300 zai yi shi a mai bututu, a wannan yanki na sauti. Ga kunne kuwa ba ninki ba ne. Sai an ƙara kusan desibel 10 mutum ke jin kamar ƙara ta ninka.

Bashin da ake biya yana ƙasa da wurin saitin. Can bututun ya daina taimako ya koma rami kawai, iskar baya ta fito ta kashe ta gaba, sauti ya faɗi da desibel 24 duk rabin adadi, ninkin saukar rufaffe. Abin da ya fi muni, babu sauran abin da ke riƙe faifan. Sai ya yi ta tsalle banza, ba ƙara, har koyil, naɗin wayar da ke motsa faifan, ya daki ƙarfen baya ko gefen faifan ya yage. Wannan "fat-fat" ɗin da ake ji daga wasu motoci a danjar Kawo, mai motar yana ganin bes ne, alhali wufa ce ke neman agaji.

Masu wannan sana'a suna da wata ƙa'ida da ake jingina wa Anton Hofmann, ɗaya daga mutum uku da suka kafa kamfanin sifika na KLH a 1957: ƙaramin akwati, bes mai zurfi, da ƙara mai yawa a ƙaramin wuta, biyu kaɗai ake samu daga cikin ukun. Rufaffe ya ɗauki ƙanƙanta da zurfi, ya biya da wuta. Mai bututu ya ɗauki zurfi da ƙara, ya biya da fili. To a motar da ba ta da but, fili shi ne abin da ya fi tsada.

Bari a sa lissafi. Wufa mai inci 12 ta yau da kullum tana son kamar lita 28 zuwa 35 a rufaffe, lita 50 zuwa 65 a mai bututu. Mai inci 10 kuwa kamar lita 15 zuwa 25 a rufe, 30 zuwa 40 da bututu. Wanda bai saba da lita a akwati ba ya tuna jarkar mai ta lita 25: rufaffen inci 12 jarka ɗaya da ɗan ƙari ne, mai bututu jarka biyu zuwa biyu da rabi. Kuma wannan iskar ciki ce zalla, bayan an cire kaurin katako da jikin wufar da bututun kansa. A a-kori-kura mai ƙofa biyu, bayan kujera akan samu wuri mai siffar gatari, ƙasa da faɗi sama da tsuke. A ce cikin akwatin ya samu faɗin santimita 80, tsayi 35, zurfi 16 a ƙasa da 8 a sama. Matsakaicin zurfin 12 ne. 80 sau 35 sau 12 ya ba da 33,600, wato lita 33 da ɗan ɗori. A cire kamar lita 3 na jikin wufa, saura 30. Ya ishi rufaffen inci 12 mai siririn baya, ya ishi inci 10 a wadace. Bai kai ko kusa da abin da inci 12 mai bututu ke nema ba. A Hilux mai ƙofa huɗu abin ya fi matsewa, domin kujerar baya kusan manne take da bango, ga jak da sauran tarkace suna neman nasu wurin.

Inda lissafin ya fi ba mutane mamaki shi ne tsawon bututu. Hankali zai ce ƙaramin akwati ƙaramin bututu. Akasin haka ne. Akwati mai lita 50 da ake so a saita a 35 Hz, da bututun roba mai faɗin baki santimita 10, yana buƙatar tsawon kusan santimita 31. A rage akwatin zuwa lita 25, saiti ɗaya, bututu ɗaya, sai tsawon ya koma kusan santimita 70, kuma bututun kaɗai zai cinye lita 5 da rabi. Ina za a naɗe shi a bayan kujera? Sai mutum ya ce to a tsuke bakin don ya gajarce. Zai gajarce, amma iskar da ya kamata ta bi faffaɗar hanya yanzu za ta matsu a ƙarama, gudunta ya ƙaru, a fara jin huci da fito duk sanda bes ya buga. Shi ya sa masu ƙira ke son gudun iskar bututu ya tsaya wajen mita 17 a sakan ko ƙasa, kuma suke lanƙwasa bakinsa kada ya zama da kaifi.

Abin da aka fi yi a gari kuwa ba wannan ba ne ma. Ana ƙera akwati daidai wurin da ya samu, sannan a zagaye huji a fuskar katakon, wani lokaci a liƙa masa zoben roba mai ƙyalli don ado. A ɗauki akwatin nan namu mai lita 30, a huda masa rami mai faɗin santimita 10 a katako mai kaurin milimita 18, ba bututu. Lissafin Helmholtz zai nuna cewa saitinsa ya faɗa tsakanin 80 da 90 Hz. Wato a daidai inda aikin wufa ya kamata ya ƙare, nan akwatin zai fi kumbura, duk abin da ke ƙasa kuma, wanda dominsa aka sayi wufar, faifan na yinsa ne ba mariƙi. A rumfa idan aka gwada zai yi gum-gum mai ƙarfi, mai mota ya yi murmushi ya biya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ban ɗora wa kafinta laifi ba. An kawo masa wufa ba takarda, an ce ya yi akwati kafin la'asar.

Akwai kuma wani abu da kan mota yake bayarwa kyauta, wanda ya sa lissafin ɗaki ko filin biki bai dace da shi ba. Idan rabin tsawon igiyar sauti ya fi tsawon ɗakin da ake ciki, sautin ya daina yawo daga bango zuwa bango, sai ya koma matse iskar ɗakin gaba ɗaya yana saki. Daga nan zuwa ƙasa ɗakin ke ƙara wa bes ƙarfi, a lissafi har desibel 12 duk rabin adadi, ko da yake a zahiri bai cika kai wa haka ba saboda ƙarfen jikin mota na motsi kuma iska na zurarewa ta robar ƙofa. A kan motar da tsawon cikinsa mita 2 ne, wannan ƙari yana farawa tun wajen 85 Hz. A doguwar jif mai mita 4 sai wajen 43 Hz. A lura da adadin: rufaffe na sauka da 12, ƙaramin kan mota na ɗagawa da kusan 12. Sun yi dace da juna, sai a samu bes shimfiɗaɗɗe har can ƙasa daga akwati ɗan ƙarami. Mai bututu kuwa tun a fili bai sauka ba sai ƙasa da 35, idan aka ɗora masa ƙarin kan mota sai ya yi tozo a wajen 40 zuwa 50 Hz. Wannan tozon ne ke girgiza madubi da ƙirji. Masu gasar ƙara nemansa suke yi da gangan. Mai son ya bambance bugun ganga da jan igiyar gita kuwa zai ji duk waƙoƙi sun koma sauti ɗaya.

Da a ƙasar sanyi muke, da nan maganar ta kusa ƙarewa. Amma kyautar nan ta kan mota tana da sharaɗi: gilashi a rufe. A Kaduna cikin Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 35, motocin aiki nawa ne esinsu ke aiki? Da zarar an sauke gilashi biyu, matsin nan ya sami mafita, zurfin da rufaffe ke aro daga ɗakin ya ragu sosai. Ga kuma injin dizal. Injin silinda huɗu yana tashi sau biyu a kowane juyi, don haka a juyi 2,000 a minti gurnaninsa na wajen 67 Hz. Mai silinda shida a juyi 1,500 yana wajen 75 Hz. Cikin gonar wufa kenan. A haɗa da rurin taya a kan titin Zariya da iskar da ke bugun taga, sai a ga bes ɗin da ya yi daɗi a tsaye a gareji ya ɓace a kan hanya. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu son bututu suke da ita a nan, kuma ban raina ta ba. Haka wanda ke buɗe ƙofofi ya saki kiɗa a wurin kamu ko majalisa: a waje babu ɗakin da zai taimaka, mai bututu ya yi wa rufaffe nisa.

Sai abin da ake saurare. Direban da yininsa karatun Alƙur'ani ne da wa'azi da labaran Rediyon Tarayya na Kaduna, ba shi da abin yi da bututu, wataƙila ma ba shi da abin yi da wufa. Muryar namiji ba ta cika sauka ƙasa da 85 Hz ba, wufa kuma akan yanke ta a wajen 80. Kuɗinsa ya fi amfani a sifikun ƙofa masu kyau. Kiɗan gargajiya, kalangu da kotso da kukuma da gurmi, yawancin ransa na sama da inda wufa ke aiki. Abin da yake so daga ƙasa shi ne ɗan nauyi mai tsabta wanda ke tsayawa da zarar an ɗauke hannu daga fata, kuma rufaffe ya fi iya wannan. Waƙoƙin situdiyo na zamani dabam ne. Igiyar ƙasa ta gitar bes mai igiya huɗu tana 41 Hz, ta mai biyar tana 31. Dogon bes ɗin nan da ke jan ƙasa a hip-hop da Afrobeats, wanda asalinsa na'urar ganga ta Roland TR-808 ce ta 1980, da bugun amapiano da ya cika gari, su ne abincin akwati mai bututu da aka saita ƙasa-ƙasa.

Sai dai kada a ɗauki maganar nan ta "rufaffe tsaf, mai huji gum" kamar doka. Gaskiya ne bututu na jinkirta sauti kaɗan a kusa da wurin saiti, amma idan an saita shi ƙasa, wajen 30 zuwa 33 Hz, a akwati mai isasshen girma, kunnuwa da yawa ba za su kama jinkirin ba. Rufaffen da aka matse ya yi wa wufarsa kaɗan shi ma gum-gum yake yi, domin iskar ta yi tauri, sautin ya taru a sama, zurfin ya tafi. Mummunan sunan da bututu ya yi, akwatunan da aka yi da ka ne suka ja masa.

Ita wufar ma tana da ra'ayi. Neville Thiele, injiniya ɗan Ostireliya, ya wallafa lissafin akwati mai bututu a 1961, Richard Small kuma ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970 yana Jami'ar Sidni. Daga aikinsu ne aka samu 'yan lambobin da kamfanin kirki ke bugawa a takardar wufa: Fs, Qes, Qts, Vas. Ba sai mutum ya san ma'anar kowace ba kafin ya amfana. A raba Fs da Qes. Idan amsar ta gaza 50, wufar rufaffen akwati take so. Idan ta kai 100 ko ta wuce, ta bututu ce. Tsakani kuma tana iya zama a kowanne. Mai Fs 30 da Qes 0.65 ta ba da 46, a rufe ta. Mai Fs 36 da Qes 0.35 ta ba da kusan 103, a nema mata bututu. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta, WinISD, da ake zuba wa lambobin ta fitar da girman akwati da tsawon bututu da gudun iska.

Matsalar ita ce wufa da yawa a kasuwa ba su zuwa da ko ɗaya daga wannan. Abin da ke jikin kwali shi ne 3000W da manyan haruffa, adadin da babu ruwansa da abin da koyil zai jure. Wanda ake dubawa shi ne mai RMS a gefensa, wato ƙarfin da wufar za ta iya jurewa na tsawon lokaci, kuma sau da yawa kashi kaɗan ne na wancan. Ga jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, waɗanda ko an samo lambobin asalin a intanet ba za su yi daidai da abin da ke hannu ba. A wannan hali ƙera mai bututu caca ce. Rufaffe kuwa mai haƙuri ne: a yi kuskuren kashi 10 ko 15 cikin ɗari a girmansa, da ƙyar a ji bambanci. Idan ya ɗan yi kaɗan ma ana cusa masa audugar roba irin ta filo, sako-sako, sai wufar ta ji kamar ɗakin ya ɗan ƙaru. Wannan haƙuri shi ne babban dalilin da ya sa nake karkata gare shi a kasuwa irin tamu.

Yanayin garin ma ya shigo cikin lissafi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin ko'ina, motar da ke zirga-zirgar gona ko kwasar yashi kuwa duk shekara cikin ƙura take. Bututu ƙofa ce a buɗe zuwa bayan wufa, inda maganaɗisu yake, kuma wufa da yawa suna da ramin shan iska a tsakiyarsa wanda ke kaiwa ga koyil. Ƙura ta shiga, garin ƙarfe ya manne, ɓera da kyankyaso su sami ɗaki, bawon gyaɗa da kwabo su faɗa su yi ta kaɗawa. Ana iya sa raga, amma mai manyan idanu, kada ta toshe iska. Da damina kuma katakon MDF, wanda aka fi so don nauyinsa da rashin amsa amo, yana shan ruwa ya kumbura ya ruɓe. Motar da robar ƙofarta ke yoyo ta fi dacewa da filawud mai kyau na milimita 18, a shafe shi da fenti ko a naɗe. A rufaffe, gam da silikon a kowace gaɓa wajibi ne, har ramin da waya ta bi. Gwajinsa da sauƙi: a danna faifan a hankali da yatsu a baje, a saki. Idan ya yi tauri ya dawo sannu, akwatin ya kamu. Idan ya shige sakwaf ya dawo nan take ana jin huci, akwai yoyo.

Wuta kuma ta ɗan rama wa mai bututu. Amfilifaya mai wat 500 na gaske, irin ta zamani mai tsimin wuta, tana jan kusan amfiya 45 idan an kai ta ƙarshe a mota mai 12V. Wanda ya dage sai ya sami ƙarar bututu daga rufaffe, ninka wannan zai yi, kuma tsohuwar altaneta da ke fama da fitilu da fanka ba za ta yafe ba. Fitila za ta riƙa lumshewa tare da ganga, batir ya mutu kafin lokacinsa. Don haka wanda ƙara ce burinsa kuma yana da fili, bututu ya fi masa araha a wuta. A manyan motoci irin DAF da MAN da Howo wutar 24V ce, batir biyu a jere. Dabarar da wasu masu wayarin ke yi ta jan waya daga batir ɗaya don a sami 12V tana sa ɗaya ya riƙa ƙarewa ɗayan yana cika fiye da kima, a yi asarar duka biyun. Ko dai a sami kwanbata, na'urar da ke mayar da 24V zuwa 12V, mai isasshen amfiya, ba 'yar ƙaramar da ake sa wa rediyo ba, ko amfilifayar da aka yi don 24V. Kowace iri ce, fis ya zauna kusa da batir, ba kusa da amfilifaya ba, domin wayar ce yake karewa daga kama wuta.

Kan tirela mai gado shi ne wurin da fili bai cika zama matsala ba. Ƙarƙashin gadon direba na iya ɗaukar lita 50 ko 60. A nan tambayar ta koma ta awoyi. Wanda zai tashi daga Mararrabar Jos ya nufi Legas zai yi yini da kwana a cikin wannan ɗaki, kuma tozon bes da ke burge mutum minti goma yana gajiyar da kai a awa ta biyar. Hukumar NIOSH ta Amurka mai kula da lafiyar ma'aikata ta sa iyakar desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2. Ma'aunin nasu bai cika ƙirga bes mai zurfi da nauyi ba, amma wanda ya ɗaga wufa yakan ɗaga sauran sifikun don murya ta fito, a nan kunne ke cutuwa. Kunnen direba kuma kayan aiki ne. Da shi yake jin taya ta fara sakin fata, da hucin iskar birki, da hon ɗin wanda ke shirin wuce shi.

Ga yadda nake rarrabe su. A-kori-kura ko Hilux da filinta bai wuce lita 35 ba, ko wufar ba ta da takarda, ko kiɗan gauraye ne, rufaffe, inci 10 ko siririyar 12, da amfilifayar da RMS ɗinta ya yi daidai da na wufar. Idan filin lita 30 zuwa 40 ne kuma mai motar ya nace sai ƙara, gara inci 10 ko ma 8 a mai bututun da aka lissafa da a cusa inci 12 a wanda ya yi mata kaɗan. Akwai hanya ta uku, a sa faifai na biyu marar koyil da maganaɗisu a madadin bututu, yana yin aiki iri ɗaya ba tare da cin fili ko shigar ƙura ba, sai dai shi ma lissafi yake so. Ko wanne aka zaɓa a ɗaure shi da ƙarfe a jikin mota, domin akwati mai kilo 20 a bayan wuya ba abin wasa ba ne ranar da aka taka birki da ƙarfi.

Wanda ya riga ya mallaki mai huji kuma yana iya gano inda aka saita shi ba tare da na'ura ba. A kwantar da akwatin faifai na kallon sama, a zuba 'yan ƙwayoyin shinkafa a kai, a sauke manhajar fitar da sauti a waya, a rage murya, a fara daga 90 Hz ana saukowa sannu-sannu. Inda shinkafar ta lafa alhali bututun na hura iska da ƙarfi, nan ne saitin. Idan ya faɗo tsakanin 30 da 40, akwatin na kan hanya. Sai a nemi maɓallin da aka rubuta wa Subsonic a jikin amfilifaya a tsai da shi kaɗan ƙasa da wurin, kamar 28 ga akwatin 35, don ya tare sautin da ke sa faifai tsallen banza. Idan kuwa ya faɗo 60 ko sama, zaɓi biyu ne: a ƙara wa ramin bututu mai tsawon da lissafi ya bayar in akwai wuri, ko a yanko katako a toshe shi da gam da sukuru ya koma rufaffe. A ƙaramin akwati na biyun ya fi sauƙi, kuma aikin rabin awa ne a wurin kafinta.